Ƙarfe Takwas a Kan Takarda

A gidanmu a Funtua ni ne mai muryoyi. Tun ina aji uku a firamare nake iya kwaikwayon tarin kakata, da kiran mai tallan kananzir, da yadda limamin unguwarmu yake jan "amin" har numfashinsa ya kusa ɗaukewa. In an gama cin tuwon dare aka baje tabarma a tsakar gida, sai ƙannena su ce, "Yaya, yi mana Kaka." In na yi, ita kakar ta jefo ni da mafici, ta ce wannan mijin nata ba shi da kunya, ta fasa auren. Baba ba ya dariya a gabanmu. Yana can zaure da rediyonsa, wata tsohuwar National mai rigar fata, yana murɗa ta daga Kaduna zuwa Landan. Amma na sha jin wani ɗan tari da yake yi in na kwaikwayi liman, kuma na san ba tarin mura ba ne.

Da wannan halin na sauka Landan a watan Satumbar 2008, don yin digiri na biyu a harkar kuɗi da banki.

Kuɗin karatun gona ce. Baba yana da gonaki biyu a hanyar Bakori, ya sayar da babbar, wadda ake noma auduga da masara a cikinta tun zamanin kakansa. Fam ɗaya a lokacin ya haura naira 200, don haka gonar da ta ciyar da zuriya uku ba ta wuce kuɗin makaranta da na jirgi da hayar 'yan watanni ba. Ranar tafiya a tasha abin da ya ce mini kawai shi ne, "Ka je ka dawo da abin da ya fi ta." Inna kuwa, da yake ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. Ƙanwata ta fuskanta ta ce, "A gaya wa wancan ya riƙe salla."

A makon da na isa ne bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Amurka. Mu da muka zo koyon harkar banki muna zaune a aji, su bankunan suna ta korar ma'aikata a waje. Yanzu abin yana ba ni dariya. A lokacin ban ga abin dariya ba, domin ƙananan ayyukan da ɗalibai suke dogaro da su ma sun yi wuya.

A gida ban taɓa wuce na uku a aji ba. A can, watan Janairu na faɗi darasi biyu. Na sake rubutawa, na ci ɗaya, ɗayan ya ƙi. Ba wanda ya zalunce ni, wannan dole in faɗa. Wani abu ne ya fara lalacewa a cikina tun cikin hunturun farko, lokacin da rana take faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, mutum ya yi azahar da la'asar da magariba kusan a zama ɗaya. Sai in farka ƙarfe uku na dare kamar an ɗora mini buhun siminti a ƙirji. In buɗe kwamfuta, in zuba wa shafi ɗaya ido har gari ya waye. Wanka ya zama aiki. Abinci ya koma kamar dusa. Salla ma, wadda aka yi mini kashedi a kanta, na koma ina tara ta kamar bashi.

Ban san sunan abin ba. A gida muna da hauka, na mai yawo tsirara a kasuwa, muna da damuwa, ta wanda bashi ya sha wa kai. Abin da ke tsakanin biyun ba a koya mini sunansa ba, sai na raɗa masa nawa: lalaci, rashin tawakkali, butulci. Wani lokacin in ce ko jifa aka yi mini daga gida saboda hassada. Kowace Lahadi in sayi katin waya na fam biyar in kira zaure. Baba ya ce, "Yaya karatu?" In ce, "Lafiya lau, Baba, sai godiya." Har muryar mai lafiyar nake kwaikwaya. Ita ce kaɗai muryar da ta rage mini.

Da kuɗi suka ƙare a tsakiyar 2009, wata nas 'yar Zangon Kumasi da muka haɗu a masallaci ta ce akwai aikin dare a gidan kula da tsofaffi inda take aiki, a Bexhill, wani ƙaramin gari a bakin teku a kudancin Ingila, tafiyar kusan awa biyu a jirgin ƙasa daga Landan. Haya a can da sauƙi. Na tattara na koma, ina cewa a natse zan rubuta kundin bincikena. Dokar biza ta ba ɗalibi awa 20 a mako, don haka dare biyu nake yi, a kan mafi ƙarancin albashi, fam 5.73 a awa, da Oktoba ta zo ya koma 5.80. Aikin shi ne juya marasa iya juyawa, canja famfas, amsa ƙararrawa, kai shayi. Ni da aka sayar wa gona. Wannan ma ban faɗa a gida ba.

A ɗaki na tara akwai wani tsoho da ciwon suga ya cinye wa ido. Ya haura saba'in da biyar, tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Ya nace in kira shi da sunansa tsirara, kamar yadda suke yi, bakina ya kasa. Na riƙa ce masa "Sa", shi kuma ya riƙa tsokanata da cewa ko Sarauniya ba ta ba shi wannan muƙamin ba. Ba ya barci. A ƙarƙashin gadonsa akwai kwalayen takalmi guda huɗu cike da kaset, kowane an rubuta masa suna da shekara da rubutun matarsa marigayiya. Kusan duk dare ƙarfe biyu zai danna ƙararrawa, ba don fitsari ba, don a juya masa kaset.

Abin da yake saurare wani tsohon wasan barkwanci ne na rediyon BBC mai suna The Goon Show, wanda aka yi daga 1951 zuwa 1960. A kunnena na farko, hayaniya ce kawai. Manya-manyan mutane suna ƙananan muryoyi kamar an shaƙe agwagwa, sai fashewar bam, sai wani ya busa ɗan abin busa na baki, sai jama'a su tuntsire da dariya. Turancin da na ci jarrabawa da shi bai kama ko rabi ba. Raina ya riƙa ɓaci. Ina ɗauke da gonar ubana a ka, wani yana kirana in juya masa shirme.

Shi kuwa ko a jikinsa. Yana jin na tsaya a bakin ƙofa sai ya fara bayani, kamar mai gabatar da danginsa. Mai ƙaramar muryar nan yaro ne, Bluebottle, kusan kowane mako sai an tarwatsa shi da nakiya, mako mai zuwa ya dawo. Mai jan magana kamar wanda bai gama farkawa ba Eccles ne, wawan gari. Ga wani hafsan soja matsoraci mai ciwon ciki, wanda in cikinsa ya murɗa sai ka ji kamar ana rushe gini. Ga wasu tsofaffi biyu, mace da namiji, da za su shafe minti biyar suna gardamar wa zai buɗe ƙofa. Kuma kusan duk waɗannan mutum uku ne suke yin su: Spike Milligan, da Peter Sellers, da Harry Secombe. Da farko su huɗu ne, na huɗun, Michael Bentine, ya bar su tun 1952. Da na ji mutum ɗaya yana iya gardama da kansa da murya biyu, wani abu ya ɗan motsa a raina, irin motsin tsohon mai sana'a in ya ga kayan aiki. Amma ya kwanta.

Sannu a hankali kunnena ya buɗe, sai na gane dabarar. Su sun fahimci cewa a rediyo ba mai ganin komai, saboda haka komai yana yiwuwa muddin an ji ƙararsa. Mutum zai biya bashi da hoton takardar kuɗi, a karɓa. Za a hau katanga a tuƙa ta kamar mota. Duk wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo, ko ya taɓa tsayawa kallon 'yan kama suna jan baƙi da murya irin ta malamai alhali zancen tuwo da miya suke yi, ba zai ce wannan baƙon abu ba ne. Maganar banza ce da aka ɗaura wa rawani, ana yin ta da fuska a murtuke.

Wani dare a watan Nuwamba, wajen ƙarfe huɗu, ina gyara masa bargo sai aka zo wani wuri. Yaron ya tambayi wawan ƙarfe nawa. Wawan ya ce a dakata, yana da shi a rubuce a takarda. Da safe ya tambayi wani bawan Allah, ya rubuta masa ƙarfe takwas, shi ne yake yawo da ita, duk wanda ya tambaye shi lokaci sai ya nuna masa. To in ba ƙarfe takwas ba ne fa? Ai sai ya ƙi nunawa. To ta yaya yake sanin takwas ta yi? Ai ga shi nan a rubuce a takarda.

Wani sauti ya fito daga maƙogwarona wanda ni kaina ban gane shi ba. Na zauna a bakin gadon, abin da doka ta hana mu, ina dariya har hawaye, daga nan kuma ban san inda dariyar ta tsaya kukan ya ɗauka ba. Rabona da dariya ya kai wata goma. Kuma a tsakiyar abin na ga kaina sarai: tun ranar da na bar tashar Funtua aka rubuta mini "lafiya lau" a takarda, nake nuna ta duk Lahadi. Tsohon bai ce komai ba. Ya lalubo maɓalli ya mayar da kaset ɗin baya, muka sake ji.

Daga ranar na zama ɗan gari. Na gano tashar BBC Radio 7 tana maimaita shirin, na riƙa kamawa a ɗakina. Lahadin farko ta kowane wata wasu abokansa uku sukan zo, duk tsofaffi, duk 'yan ƙungiyar masoya shirin da aka kafa tun 1972 don adana shi. Ranar ba ta aikina ba ce, amma na fara zuwa. Sukan zo da mujallar ƙungiyar a karanta wa makahon, sannan a shiga gardama: wannan kashin a 1954 aka yi shi ko 1955, wane mai gabatarwa ne ya buɗe shi, wace kalma ce aka yanke a kwafin da BBC ta aika ƙasashen waje. Irin gardamar 'yan ƙwallo a majalisar mai shayi, sai dai waɗannan a kan abin da ya ƙare shekara hamsin suke yi. Babban baƙin cikinsu shi ne yawancin shirye-shiryen shekarun farko sun ɓata, ba a adana su ba, don haka duk wanda ya ji labarin wani tsohon faifai a ɗakin ajiyar wani mamaci sai hankalinsa ya tashi. Ɗayansu ya taɓa shiga gidan wasa na Camden a Landan ranar wata Lahadi ya ga ana ɗaukar shirin da idonsa, kuma ba a taɓa zama an tashi bai faɗa ba. Suna alfahari da cewa Yarima Charles, wanda yake sarki yanzu, nasu ne. Suna alfahari kuma da garin kansa, domin a Bexhill aka ajiye Milligan yana sojan igwa a farkon yaƙin duniya na biyu, har daga baya ya sa sunan garin a wani kashi na shirin.

A wurinsu na ji labarin safa. Wai Milligan yana neman wata ƙara ta musamman, ta abu mai laushi in ya daki abu mai tauri, ya sa masu girkin BBC suka dama masa kastad, ya juye a cikin safarsa, ya maka a bango, ya saurara, ya ce ba ita ba ce. Da kuma labarin haɗuwarsa da Secombe a Arewacin Afirka lokacin yaƙi: igwar su Milligan ta kuɓuce ta gangaro daga kan tudu ta wuce ta gefen motar da Secombe yake ciki, can sai ga wani soja ya leƙo yana tambaya ko an ga wata igwa, Secombe ya ce wace kala. Sun ba da labaran nan ya fi sau goma a gabana, kuma kowane karo dariya suke kamar yau suka fara ji. Wata Lahadi ban san lokacin da na amsa wa ɗayansu da muryar wawan ba. Ɗakin ya yi tsit, sannan makahon ya buga hannun kujera ya ce a ba yaron nan katin ƙungiya.

Akwai abin da ba zan rufe ba. Shirin ɗan zamaninsa ne, zamanin da tutar Ingila take kaɗawa a Kaduna. Akwai baƙar fata ɗaya a cikinsu, mawaƙi Ray Ellington, kuma in ana bukatar sarkin wasu mutanen daji a Afirka shi ake ba wa, da wata murya da ba na son tunawa. Ana yi wa Indiyawa ma haka, duk da shi Milligan a Indiya aka haife shi. Ranar da irin wannan wurin ya zo muna tare, dariyar ɗakin ta mutu a rabi, kowa ya kama kallon kofin shayinsa. Ɗayansu ya fara cewa ai lokacin haka ake yi. Na ce masa na sani, kakana yana raye a lokacin, yana biyan haraji. Makahon ya ce in cire kaset ɗin in sa a kwali na huɗu. Ban daina son shirin ba, amma ban yafe masa wannan ba, kuma har yau in na zo wurin tsallakewa nake.

Kada a ɗauka dariyar ta warkar da ni. Nakan yi dariya ƙarfe huɗu, ƙarfe takwas in koma ɗaki buhun simintin yana jirana. An ƙara mini wa'adin miƙa kundi zuwa Janairu, ban rubuta ko shafi goma ba. Na fara zuwa bakin teku da asuba ina daɗewa a tsaye, ina lissafin cewa da babu ni da kowa ya huta. Na san haramun ne. Sanin bai hana tunanin zuwa ba.

A farkon Janairun 2010 aka yi dusar ƙanƙarar da Ingila ta daɗe ba ta ga irinta ba. Hanyoyi suka toshe, masu karɓar mu suka kasa zuwa, muka kwana uku a gidan mu huɗu muna kula da mutum kusan talatin. A dare na uku na shiga ɗaki na tara juya kaset, sai ya ce in bari. Ya ce shi makaho ne, da taku yake gane mutane, kuma takuna ya canja tun kafin Kirsimeti. Ina jan ƙafa kamar mai tafiya a cikin ruwa. Ya ce matarsa ta yi irin wannan tafiyar shekara biyu bayan haihuwarsu ta biyu.

Sannan ya tambaye ni ko na san wanda ya rubuta yawancin abin da muke ji. Na ce Milligan. Ya ce to, a 1944 a Italiya harsashin igwa ya raunata shi, ya fito daga yaƙin da firgicin da bai rabu da shi ba. Ga shi kuma an ɗora masa rubuta sabon wasa na rabin awa duk mako, wata shida a jere. A ƙarshen 1952 ya zube, aka kwantar da shi a asibitin masu taɓin hankali wajen wata biyu, wasu suka riƙe masa rubutun da muryoyin. Kuma ba sau ɗaya ba ne; ciwon ya bi shi har tsufa, wani lokaci ya ɗaga shi sama, wani lokaci ya rufe kansa a ɗaki kwanaki ba ya magana da kowa. Bai ɓoye ba, ya yi ta faɗa a rediyo da talabijin. Tsohon ya ce, "Mutumin da ya fi kowa ban dariya a ƙasar nan ke nan. Kana ganin lalaci ne ya kwantar da shi?"

Ban taɓa furta kalmar lalaci a gabansa ba. Har yau ban san yadda aka yi ya laluɓo ta ba.

Da hanya ta buɗe, 'yar Kumasin ce ta kai ni wurin likita da kanta, ta zauna a waje. Tun a mota take mini faɗa da Hausarsu ta Zango: "Ƙanena, in suga ne ba ka sha magani? In hawan jini ne sai ka ce ba ka da imani?" Likitar ta ba ni wata takarda mai tambayoyi tara, ta ƙarshen a kan tunanin mutuwa ce. Na daɗe da biro a hannu kafin in faɗi gaskiya. Ta ce ciwon damuwa ne mai tsanani, ta rubuta mini ƙwaya ɗaya kullum, ta ce sai an yi makonni kafin in ji bambanci, kuma kada in daina da kaina. Ta haɗa ni da wanda zan riƙa zuwa muna magana. Mako biyun farko tashin zuciya kawai na samu. A na biyar na wayi gari na ji yunwa, yunwa ta gaske, har na yi kwaɗayin ƙosai. Na biya sallolin da nake bin kaina a hankali. Ban ga inda ƙwayar ta yi faɗa da addu'a ba.

Kundin dai bai yiwu ba. Makaranta ta ba ni takardar difloma a maimakon digiri, wanda shi ne haƙƙina, ba ƙari ba ragi.

Kiran Baba ya fi zuwa wurin likita wuya. Na sayi kati, na ajiye, na sake ɗauka. Da ya ce yaya karatu, na ce, "Baba, ba lafiya ba." Na faɗa masa duka: faɗuwar, da famfas, da ƙwayar, da cewa gonar ta tafi ba digiri. Shiru ya yi tsawo har na ɗauka katin ya ƙare. Ina jin rediyonsa a baya ana labaran rana. Can ya ce, "Tun yaushe?" Na ce shekara guda. Ya ce, "Shekara guda kana gaya mini lafiya lau." Ba tambaya ba ce. Sai na ji ya ɗaga murya yana kiran ƙanwata, a gaya wa uwarku yaron nan yana dawowa. Ya dawo kaina ya ce, "Gona ƙasa ce. Ka taho."

Kafin in taho tsohon ya aike ni. Kabarin Milligan yana Winchelsea, ba nisa, ya rasu a 2002. Ya so a rubuta a kan dutsen cewa ai ya gaya musu ba shi da lafiya, hukumomin coci suka ƙi yarda da Turanci, aka rubuta da harshen Ailan, ƙasar mahaifinsa. Tsohon bai taɓa zuwa ba kafin idonsa ya tafi, yana so in je in gano masa. Na hau bas daga Hastings wata ranar Maris mai iska. Na samu dutsen a farfajiyar cocin, na tsaya, ban iya karanta layin ba, na kwafe shi harafi-harafi a bayan tikitina. Masoyansa suna ɗaukar maganar a matsayin barkwancinsa na ƙarshe. Ni da na tsaya a wurin ban ji ta haka ba. Shi ya faɗa, tun yana raye, da ƙarfi. Ni ne ban faɗa ba.

Daren bankwana ya ce in jawo kwali na biyu in tafi da shi. Na ce 'yarsa fa? Ya ce 'yarsa ta tsani shirin tun tana goye. Na durƙusa na yi masa sallama irin tamu, duk da ba ya gani. Ya rasu a shekarar da ta biyo baya. 'Yar Kumasin ce ta turo mini saƙo.

Dawowa gida hannu rabbana ba wasa ba ne. An yi gulma, wasu sun ce shaye-shaye na koya, wasu sun ce aljanar Turawa ce ta aure ni. Wadda aka yi mana baiko da ita iyayenta suka mayar da kaya. Wani kawuna ya kawo mai ruƙiya ba tare da ya tambaye ni ba. Na zauna aka yi, don Alƙur'ani ba ya cutarwa, da aka gama na haɗiye ƙwayata. Na samu koyarwa a wata sakandare, lissafin kuɗi nake koyarwa har yanzu. Na yi aure a 2013, kuma kafin a kai kuɗi na zaunar da ita na gaya mata komai. A 2016 na ga na warke na ajiye magani da kaina, buhun ya dawo cikin wata uku, matata ce ta raka ni asibiti a Kaduna. Ban sake wannan gangancin ba. Gonar tana hannun wanda ya saya, ya kewaye ta da waya. In zan je Bakori nakan kalli ɗaya gefen titin. Kaset ɗin suna cikin durowa, zafi ya lalata rabinsu, a waya nake saurare yanzu, yarana suna cewa Abba ya kunna mahaukatansa.

Baba bai taɓa tayar da zancen gonar ba har ya koma ga Allah a 2019. Wani dare, 'yan watanni da dawowata, muna zaure mu biyu wuta ta ɗauke, batirin rediyo ya yi sanyi, sai na ba shi labarin wawan da takardarsa. Na mayar da shi Hausa, na ba wawan muryar wani mai gadin makarantarmu, na ba yaron muryar ƙanina. Da na gama ya yi shiru, ya yi ɗan tarin nan nasa, ya ce, "Ashe su ma suna da wawaye." Sai na gaya masa abin da na gani a cikin labarin a daren Nuwamban nan. Bai ce komai ba.

Bayan kamar mako biyu na shigo gaishe shi da safe. Ya ce, "Ka tashi lafiya?" Na ce lafiya lau. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Na takarda ne, ko na gaske?"

Haka ya riƙa yi mini shekara tara. Wani lokaci in ce na gaske, wani lokaci in ce na takarda, sai ya rage ƙarar rediyo ya nuna mini gefen buzunsa.

Ban san Inna tana jin mu daga tsakar gida ba. A sallar layyar da ta wuce mun je gaishe ta, na durƙusa, ta amsa tana kallon bango kamar yadda ta saba. Na ce muna lafiya lau. Ta juya wajen matata ta ce, "A tambayi wancan, na takarda ne?"